Kunun da Na Kai Madina

Tun da na dawo bakina bai huta ba. A makarantar manya tambaya, a gidan suna tambaya, har wurin niƙa sai wata ta riƙe mini mayafi: "Inna Mairo, yaya azumin can yake?" Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya na ji wai an ce na yi dambe da Balarabiya a masallacin Manzo. To, ba a yi dambe ba, ko da yake an kusa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da hannuna, tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro, ko da kuwa sai da na yi jikoki. Wadda ta ga rubutun ya karkace ta yi haƙuri. Kuma a daina ce mini Hajiya. Umra na yi.

Wanda ya san Dayi ya san gidanmu, a bakin titi yake, inda motoci ke sauke mutane. Tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu biyu nake ɗora tukunyar kunun tsamiya a ƙofar gida kowane azumi. Direbobi su sha, 'yan acaɓa su sha, matan da magariba ta riska a hanya su zauna a tabarma su sha. Geron na gonata ne. Ni kuwa a tsaye nake shan ruwa, ludayi a hannu, sai kowa ya samu sannan in kurɓi abin da ya rage a gindin tukunya. A wurina azumi ke nan: ki ji yunwa, ki ciyar. Ban san yana da wata fuska ba.

Da Auta, ɗana na ƙarshe da ke koyarwa a Funtuwa, ya ce bana zai kai ni Umra cikin azumi, ban yi guɗa ba. Ɗaki na shiga na yi alkawari tsakanina da Allah, cewa sai mai azumi ya buɗe baki da kunun gerona a garin Manzo. Ba wai ya sha bayan ya ƙoshi ba. Ya zama shi ne farkon abin da zai shiga bakinsa. Na surfa geron da kaina, na wanke, na shanya, aka niƙo da citta da kanumfari. Na zaɓi tsamiya mai kyau na ƙulle a leda.

Tare da Asabe muka tafi, taubashiyata ta Kafur, wadda ta taɓa zuwa kuma ba ta bari kowa ya manta. Tana ganin ƙullin garin ta riƙe haɓa.

"Ke dai Mairo ƙauyanci ba zai bar ki ba. Garin da ake ture naman rago gefe za ki kai wa kunu?"

"Ke da kika je, me kika kai musu ban da munshari?"

Bayan asuba muka kama hanyar Kano. Kafin Gwarzo taya ta fashe, muka fito muka tsaya a rana, ga zafin bazara tun da safe. Direban, wani siririn mutumin Malumfashi, ya kwanta a ƙasa yana fama da jak, sai wata babbar mota ta wuce ta kusa shafe masa ƙafafu. Ya miƙe, ya buɗe baki, na ga zagin ya taho har maƙogwaro. Sai ya haɗiye shi, ya ce, "Ina azumi," ya koma ƙarƙashin mota. Ni ce na taya shi. Na bi motar nan da maganar da ba zan rubuta ba.

Asabe ta ce, "Shi ke nan, tun kafin Gwarzo azuminki ya huje."

Ta fi ni gaskiya, amma ba na son ta sani.

A filin jirgi aka ɗora jakata a sikeli, nauyi ya wuce. Auta ya sunkuyo a hankali ya ce, "Inna, a rage garin nan mana." Na ce a rage zannuwa. Nan gaban jama'a na zazzage jaka, na ware atamfofin da na ɗinka don tafiyar, na ba direbanmu ya mayar gida. Abin da ya rage mini na sawa ba shi da yawa, kullum sai na yi wanki a can. Amma ko ludayi ɗaya na gari ban bari a Kano ba.

Jirgi kuwa, ban da toshewar kunne da banɗakin da ke zuƙar iska kamar zai tafi da mutum, ba abin da ya dame ni. Abin da ya dame ni rana ce. Muna cikin tafiya na ga taga ta yi ja, sannan ta yi duhu, ma'aikatan jirgi suka fara raba dabino da ruwa, aka ce a sha ruwa. Na duba agogona. A Dayi yanzu ne ma nake hura wutar kunu, ko inuwar gidan ba ta kai bakin titi ba.

Na ce, "Ni ba zan sha ba. Azumin Dayi na ɗauka, a lokacin Dayi zan aje shi."

Auta ya yi magana, Asabe ta yi, na toshe kunnen da dama a toshe yake. Ai wannan rowa ce, a guntule wa Allah yini a ce an yi azumi. Sai wani dattijo da ke kujerar gefe, mai farar hula, ya leƙo.

"Baiwar Allah, wa ya ce miki ki kame baki da asuba?"

"Allah."

"To wa ya ce ki sake shi in rana ta faɗi?"

Na kau da kai, ya ci gaba.

"Ba yunwarki yake bukata ba. So yake in ya ce tsaya ki tsaya, in ya ce ci ki ci. Ga rana ta faɗi a inda kike. Ragowar da kike riƙewa ba tasa ba ce, taki ce."

Na ci dabinon, amma a fusace na ci. Kwanaki maganar nan tana yi mini ƙaiƙayi.

Da muka sauka Madina aka jera mu a layi, a duba fasfo, a ɗora yatsu a kan wani gilashi mai haske. Kowa ya ɗora ya wuce. Ni na ɗora, na'ura ta ƙi ni. Ashe fartanya da taɓarya sun cinye zanen yatsuna, ga lallen da na sha na tafiya ya ƙarasa sauran. Yarinyar da ke wurin, fuska a rufe sai idanu, ta goge mini yatsu, ta danna, ta sake dannawa, har ta juya tafin hannuna tana kallo kamar ta ga abin tarihi. Daga ƙarshe ɗan ƙaramin yatsa ne ya cece ni, shi da bai taɓa yin aikin kirki ba. Gaba kuma aka buɗe jakata aka ga gari fari a ƙulle. Na ga fuskar Auta ta sauya. Ni kuwa na lakato na lasa, na miƙa wa jami'in ya lasa. Bai lasa ba, ya dai shinshina, citta ta sa shi atishawa, ya yi mana hannu mu wuce.

Masaukinmu a sama yake, can inda in kin leƙa taga mutane ke komawa kamar kiyashi. Ɗakin mata daban, mu da wasu 'yan Zariya biyu. Ba murhu, ba risho, an ma hana girki. Sai 'yar butar lantarki ta shayi. Na ce ai kunu ba ya son fiye da tafasasshen ruwa. Na sa Auta ya sayo mini babban fulas da kofunan roba. Abincin masaukin shinkafa ce da kaza, kazar laushi kamar auduga, ba gishiri ba yaji, sai mun barbaɗa namu. Kuma garin a juye yake: da rana kantuna a rufe, titi shiru, sai an sha ruwa gari ke farkawa. A Dayi mai azumi yana gona ko yana kasuwa har la'asar.

Washegari na jiƙa tsamiya tun da hantsi. Bayan azahar na dama gari a bokitin da na wanke tas, na yi ta tafasa 'yar butar nan ina sheƙawa, har kunu ya yi kauri, ƙamshinsa ya cika ɗaki. Na cika fulas, muka nufi masallaci.

Jama'a, ban san yadda zan rubuta wannan ba. Na ga kore a saman ginin nan, inda Manzo yake kwance, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na tsaya cak. Ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ranar da aka fita da gawar maigidana, sai ga ni ina share hanci da bakin hijabi. Asabe ma ba ta tsokane ni ba.

Masu gadin ƙofa suka hana ni shiga da fulas, sai muka tsaya a harabar, ɓangaren mata, ƙarƙashin wasu manyan laimomi. Bayan la'asar sai na ga ana warware leda doguwa a ƙasa, layi bayan layi, har inda ido ya ƙare. A kan kowace ana jera dabino, da burodi, da kindirmo a 'yan kofuna, da wani gari mai kama da yaji amma ba zafi, da ruwan zamzam. Kowace shimfiɗa da masu ita. Na ce alhamdu lillahi, ga masu azumi kamar ƙasa, yau alkawarina zai cika.

Ashe ban fahimci garin ba. A Dayi kunu ne ke ƙarewa a bar masu jira. A Madina mai azumi ne ke ƙarewa a bar abinci. Masu shimfiɗa suna tsaye a hanya suna farautar mutane. Wannan ta kama hannunki, waccan ta ja hijabinki, wata ta dafa ƙirji tana roƙo kamar za ki yafe mata laifi. "Tafaddali, Hajja, tafaddali," wato bismillah, zo ki zauna. Na ga mata biyu suna jayayya a kan wata tsohuwa 'yar tsurut, kowace na cewa tata ce. Rigima a kan wa zai ciyar! Ban taɓa gani ba.

Na bi layi ina miƙa kofi. Wata ta yi murmushi ta nuna mini abin da ke gabanta. Wata ta leƙa kofin ta girgiza kai. Wadda duk na miƙa wa, sai ta matsa ta buɗe mini wuri in zauna. Ni kuwa in fizge hannuna. Ni Mairo, in zauna a shimfiɗar sadaka? Ciyarwa na zo yi. Asabe tuni ta miƙe ƙafa a wata shimfiɗa tana yi mini dariya da ido. Aka kira salla ina tsaye a tsakiyar mutane kamar turken awaki, na kurɓi kununa ni kaɗai.

Da muka koma masauki 'yan Zariya suka shanye shi tas, suna sa mini albarka. Asabe ta ce, "To ai ga shi an sha a Madina." Na ce bayan sun cika ciki da burodi? Ba haka na yi da Allah ba.

Haka aka yi washegari, haka aka yi rana ta uku. Na canza wuri, na canza lokaci, na koyi cewa "halal, halal" ina nuna fulas. Ba wadda ta karɓa. Na roƙi Asabe ta buɗe baki da shi, ta ce ita ba ta baro Kafur don kunun Dayi ba, kuma ko ta sha zan ce ba ta cikin lissafi. Nan ma ta fi ni gaskiya. Garin kunu yana ta raguwa. Ranar da Auta ya ce gobe da safe za mu wuce Makka, na kakkaɓe ledar, abin da ya fito damu ɗaya ne. Na dama shi. In yau ma aka ƙi, zan koma Dayi da alkawari a wuya.

Ranar na bar tsakiya na nufi can gefe, kusa da inda harabar ta ƙare. Rana ta yi ƙasa sosai. Nan na ji an damƙe mini wuyan hannu, damƙa irin ta mai aikin ƙarfi. Na juya. Wata tsohuwa ce, gajera, baƙar abaya duk ta koɗe, fuskarta a buɗe, haƙoranta ba su cika ba. Shimfiɗarta ba irin dogayen nan ba ce. Wani ɗan ƙyalle ne na gida, da dabino a faranti, da burodin da ka gani ka san hannu ne ya gasa shi, da 'yar butar gahawa. Ba kowa a kai. Manyan shimfiɗu sun kwashe mutane.

Ta ja ni. Na ja baya. Ta nuna ƙyallenta, na nuna fulas ɗina. Ta yi Larabci da ƙarfi, na yi Hausa da ƙarfi.

"Sakar mini hannu, baiwar Allah! Ni ma bayarwa na zo yi!"

Ba ta saki ba. Muka tsaya muna huci, tsofaffi biyu, kowace da abincinta. Wannan shi ne damben da ake faɗa. Sai na ga ta waiga ta dubi rana, ta dubi ƙyallen nan da ba kowa. Wallahi na san wannan kallon. Shi nake yi kwana da kwanaki. Ita ma tun safe take aiki, ita ma ta yi wa Allah wani alkawari da ban sani ba, kuma ita ma tana tsoron ta naɗe kayanta ta koma gida da su. Abin da take nema ba ya cikin fulas ɗina. Yana cikin cikina. Yunwar nan da na yini da ita, ita ce kaɗai abin da nake da shi da zai yi mata amfani.

Gwiwoyina suka yi ƙara da na durƙusa. Na zauna, na aje fulas a gefe. Ta sa mini dabino a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun, kamar tana tsoron zan gudu.

A zaunen nan ne na ga abin da ban gani ba duk kwanakin da na yi a tsaye. Wurin ya yi tsit. Mutanen da ba su ƙirguwa, baƙi da farare da jajaye, masu zoben zinariya da masu faci a hijabi, duk a ƙasa, duk leɓe a bushe. Ga ruwa mai sanyi a gaban kowa, tazarar yatsa. Ba mai gadi a kan kowa. Wadda ta kai dabino baki a ƙarƙashin mayafi ba wanda zai sani. Amma ba hannun da ya motsa, sai waɗanda aka ɗaga sama ana roƙo. Duk wannan taro, da masu shimfiɗa da waɗanda aka zaunar, ashe layi ɗaya muke, jira muke Mai abincin ya ce bismillah. Ba mai ciyarwa a cikinmu. Na tuna dattijon cikin jirgi. Shekara da shekaru ina tsaye a kan tukunya ina ganin yunwar mutane, ban taɓa zama na ga tawa ba, ban taɓa jin yadda take mai da mutum ɗan ƙarami a gaban Ubangijinsa ba. Ban iya wata doguwar addu'a ba a lokacin. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya Allah, ga ni."

Sai ladan ya ɗaga murya. Kun san yadda iska ke bi ta cikin gonar gero a ji ta taho tun daga nesa? Haka motsin hannuwa ya bi harabar nan. Na kai dabinon tsohuwa bakina. Ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba, kuma dabino ne kawai, irin wanda ake sayarwa a tashar Malumfashi.

Na ɗago ido, na ga ita ba ta ci nata ba. Yana hannunta. Tana kallona har na haɗiye. Sannan ta mayar da dabinon faranti, ta ɗauki kofin gahawarta da ba komai a ciki, ta miƙo mini, tana nuna fulas da haɓa.

Na zuba mata. Ta yi bismillah ta kurɓa. Tsamiya ta kama ta, ta runtse ido, fuskar nan ta tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Na ce shi ke nan, za ta tofar. Ta haɗiye. Ta buɗe ido, ta yi wata dariya da ba haƙora, ta sake miƙo kofin.

Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba. Muka yi sallar magariba kafaɗa da kafaɗa. Da za mu rabu ta sumbaci goshina, ni kuma na bar mata fulas ɗin da sauran kunun. Da na gaya wa Asabe, ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai ta fasa, ta ce, "Allah ya karɓa, Mairo." Tun muna yara ban taɓa jin ta faɗi sunana a hankali haka ba.

Makka kuma, da Ka'aba, da ɗawafi cikin ƙishirwa, wannan ku yi haƙuri. Na gwada rubutawa na yage takardar. Allah ya kai kowa ya gani da idonsa. Abin da zan ce kawai, a can duk inda aka ja hannuna zama nake yi.

Mun dawo da sauran kwanaki a azumi. Na tarar Hadiza, matar babban ɗana, ta riƙe tukunyar ƙofar gida yadda ya kamata, ko da yake tana cika sukari. Da yamma ta yi, ta miƙo mini ludayi, ta matsa gefe. Na ce ta riƙe. Na je na zauna a tabarmar mata, tsakanin wata mai jiran motar Kafur da wata Bafulatana da ta dawo daga tallar nono. Direbobi suka yi ta leƙowa. Bafulatanar ta rasa yadda za ta yi da ni, can ta kwance ƙwaryarta, ta gutsuro 'yar furar da ta rage mata ta miƙo mini a kunyace. Na karɓa da hannu biyu.

Hadiza ta zo ta durƙusa kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, lafiya? Ko ƙafar ce?"

Na miƙa mata kofi.

"Lafiyata lau. Zuba mini, ni ma mai azumi ce."